Ziyara Zuwa Izhevsk, Mahaifar Bindigar AK

Ɗan ƙanwata ne ya kawo shawarar. Yana karatun injiniya a Kazan, ni kuma na je Rasha duba shi. Wata safiya muna shan shayi sai ya ce, "Kawu, tunda ka zo har nan, ga Izhevsk can ba nisa. Mu je ka ga inda ake ƙera AK." Ban amsa masa nan take ba, domin sunan wannan bindiga ba ya shiga kunnena sai tare da labarin rasa rayuka. Amma akwai tambayar da ta daɗe tana cina. Bindigogi nawa aka ƙera a ƙarnin da ya wuce, aka yi yayinsu aka manta da su? Me ya sa wannan ɗaya ta ƙi tsufa, ta ƙi lalacewa, ta kuma hayayyafa har ta cika duniya? Na ce masa ya nemo mana tikiti.

Jirgin ƙasa muka shiga. Daga Kazan layin ya miƙe gabas, yana ratsa dazuzzukan itatuwa masu farin ɓawo da ƙauyukan gidajen katako, ma'aikaciyar taragon tana ta raba shayi a kofunan gilashi masu mariƙin ƙarfe. A Agryz, mahaɗar layukan dogo da ke bakin iyakar Tatarstan, muka karkata arewa muka shiga Jamhuriyar Udmurtiya. Nan yaron ya ce in tura agogona gaba, don Kazan lokacin Mosko take bi, Izhevsk kuwa ta riga su da awa guda.

Abin da ya fara tare ido a garin ruwa ne. Wani makeken tafki ne kwance a tsakiyar birni, kuma hannun mutum ne ya yi shi. A 1760 aka datse kogin Izh domin ruwan ya riƙa juya injinan wata maƙerar ƙarfe ta Pyotr Shuvalov, garin kuma ya tsiro a gefen maƙerar. A 1807, zamanin Sarki Aleksandar na Ɗaya, aka ɗora wa injiniya Andrei Deryabin aikin kafa masana'antar makamai a wurin. Tsohon ginin yana nan a ƙasan madatsar, da doguwar hasumiyarsa mai agogo, gunkin Deryabin kuma yana kan tudu yana fuskantarsa. Daga nan aka fitar da bindigogin da aka yaƙi Napoleon da su, daga nan kuma miliyoyin bindigogin Mosin suka fita a Yaƙin Duniya na Biyu. Wato kafin a haifi Kalashnikov, mutumin da ya zana AK, garin ya shafe sama da shekara ɗari yana tara maƙera, uba yana koya wa ɗa. A da, gwanayen cikinsu sarki kan ba su koriyar doguwar riga da doguwar hula a matsayin lambar girma, kuma akwai gunkin maƙeran sanye da wannan shiga ba nisa da masana'antar. A zamanin Tarayyar Sobiyat ba a barin baƙo ɗan ƙasar waje ya shigo Izhevsk. Har suna an taɓa sauya mata, ta zama Ustinov daga 1984 zuwa 1987, don tunawa da ministan tsaron da ya rasu, sai da mutanen garin suka nuna ƙin amincewa aka mayar musu da sunansu.

Gidan tarihin Kalashnikov yana kan titin Borodina, daura da babbar majami'ar Mika'ilu mai jan bulo. An buɗe shi a watan Nuwamba na 2004, mai sunan yana raye, yana cika shekara 85. A bakin ƙofa ga gunkinsa na tagulla, dattijo gajere cikin kayan gida, ba kakin soja ba. Wata dattijuwa ce ta zagaya da mu, tana magana da Rashanci yaron yana fassara mini.

Rayuwar mutumin ta fara da wahala. An haifi Mikhail Kalashnikov ranar 10 ga Nuwamba 1919 a ƙauyen Kurya na yankin Altai, gidan manoma masu 'ya'ya da yawa. A 1930 gwamnatin Stalin ta ƙwace dukiyarsu bisa zargin cewa manoma ne masu hali, aka kora su yankin Tomsk na Saiberiya, inda mahaifinsa ya rasu. Ya gudo daga can yana saurayi, ya sami aiki a tashar jirgin ƙasa ta Matai a Kazakistan, aka ɗauke shi soja a 1938, ya zama direban tankar yaƙi. A watan Oktoba na 1941 aka ji masa mummunan rauni kusa da Bryansk. Yana kwance asibiti yana jin sojoji na ƙorafin cewa Jamusawa sun fi su makamai masu aman wuta. Da aka ba shi hutun jinya sai ya koma Matai, ma'aikatan garejin jiragen ƙasa suka taya shi haɗa bindigarsa ta farko. Ba a karɓe ta ba, amma ta isa ta sa manya suka lura da shi, aka tura shi filin gwajin makamai na Shchurovo, kusa da Kolomna. Nan ne makarantarsa ta gaskiya, don yana ganin yadda bindigogin gwanaye ke faɗuwa a gwaji da dalilin faɗuwarsu. Nan kuma ya haɗu da Yekaterina, mai zanen injina da ta riƙa mayar da tunaninsa zane a takarda, wadda ta zama matarsa.

Wurin da na fi daɗewa a tsaye wani ƙaramin akwatin gilashi ne, babu bindiga a ciki sai harsasai a jere. A ganina daga nan labarin ya faro. Sojan Sobiyat na lokacin yaƙi yana tsakanin makamai biyu. Akwai Mosin mai dogon harsashi 7.62×54, wanda aka yi tun 1891. Yana kai wa nesa ƙwarai, amma ƙarfin bugunsa ya sa ba a iya riƙe ƙaramar bindiga tana zubo shi a jere. Akwai kuma PPSh mai harsashin fistol, tana aman wuta kamar ruwan sama, amma in abokin gaba ya wuce mita 200 sai dai a yi ta ɓarna. Alhali yawancin artabu tsakanin waɗannan biyun yake faruwa, a tazarar mita 300 ko 400. Jamusawa suka riga kowa cike giɓin da gajeren harsashi 7.92×33, da bindigar da daga baya aka sa wa suna StG 44. A watan Yuli na 1943 masana makaman Sobiyat suka zauna a kan samfurin da aka kama a fagen fama, suka yanke cewa su ma sai sun yi nasu. Elizarov da Semin suka jagoranci aikin, aka samu harsashin da ya daidaita a 7.62×39. Sai bayan an samu harsashi ne aka shiga neman bindigogin da za su ci shi: SKS ta Simonov, RPD ta Degtyaryov, da wata ta ukun da za ta zama makamin kowane soja.

Dattijuwar ta nuna mana kwanson harsashin, yadda ya tsuke daga gindi zuwa kai. Wannan tsukewar ce ke sa ya shiga ɗakinsa ya fita ba gardama ko da akwai datti. Ita ce kuma dalilin da ya sa magazin ɗin AK ya lanƙwashe, don in ka jera harsasai 30 masu wannan siffa dole jerin ya tanƙware. Kamannin da duniya ta san bindigar da su, harsashin ne ya tilasta su.

Wanda ake sa ran zai yi nasara Aleksei Sudayev ne, da bindigarsa AS-44 da ta riga ta je gwajin sojoji. Sai ya rasu a 1946 yana ɗan shekara 33, aka buɗe sabuwar gasa. Kalashnikov ya shiga, saje ne mara digiri, a tsakanin mutanen da suka tsufa a sana'ar. Samfurinsa na farko, wanda aka haɗa a masana'antar Kovrov, bai burge masu gwaji sosai ba, da ƙyar ya haye zagaye na gaba tare da na Bulkin daga Tula da na Dementiev. Ƙa'ida ta ce a gyara kurakurai kawai. Shi da abokin aikinsa Aleksandr Zaitsev kuwa suka rushe zanen suka sake shi kusan gaba ɗaya. Suka haɗe fistin da ƙarfen da ke ɗauke da makulli, wato abin da ke toshe bayan harsashi lokacin harbi, suka zama abu guda mai nauyi, irin yadda Bulkin ya yi a tasa. Suka kawo babban marfin tsaro a gefen dama, irin wanda John Browning ya sa wa wata bindigar Remington tun farkon ƙarnin. Makullin da ke juyawa ya kulle da tsarin kunama kuwa suna da dangantaka da M1 Garand ta Amurka. A tsarin Sobiyat wannan ba sata ba ce. Zane na gwamnati ne, ana ma ƙarfafa masu gasa su ɗauki abin da ya yi kyau a wurin juna. Ni dai ban ga abin da wannan ya rage wa mutumin ba. Sanin abin da za a ɗauka da wanda za a zubar, da haɗa su su zauna lafiya a jiki ɗaya, shi ne gwanintar. Abin da na ga bai dace ba shi ne yadda sunan Zaitsev da na Bulkin suka dushe, har baƙo zai iya zagaya gidan tarihin ya fita bai riƙe su ba.

A gwajin ƙarshe, daga Disamba 1947 zuwa Janairu 1948, aka jiƙa bindigogin a ruwa, aka ja su cikin yashi da taɓo, aka harba su ba mai. Babu wadda ta cika sharaɗin dacewar saiti in ana harbi a jere, ita ma ta Kalashnikov ba ta cika ba. Amma ita ce ta ci gaba da tashi lokacin da sauran ke cijewa. Kwamitin ya zaɓi wadda ba ta ƙin tashi, ya ce saiti a gyara shi a hankali. Mutanen da suka yanke wannan hukunci sun fito ne daga yaƙin da ya ci musu rayuka sama da miliyan 20. Sun san sojan da za su miƙa wa makamin: ɗan ƙauye, horo kaɗan, hannu cikin safar sanyi, kwance a laka. Shi aka yi wa bindigar. A 1948 aka turo Kalashnikov Izhevsk, masana'antar babura ta garin ta ƙera guda 1,500 don gwajin rundunoni, a 1949 kuma aka karɓe ta a hukumance, aka ba shi Lambar Stalin.

Yaron ya yi wa dattijuwar tambayar da na tabbata ta sha ji: ba Bajamushe Hugo Schmeisser, mai zanen StG 44, ba ne ya yi AK? Ba ta ji haushi ba. Gaskiya ne an kawo Schmeisser Izhevsk a watan Oktoba na 1946 tare da wasu injiniyoyin Jamus, ya zauna har 1952. Amma a lokacin da ake zana AK, Kalashnikov yana Shchurovo da Kovrov, ɗaruruwan kilomita daga nan. Ta kai mu gaban bindigogin biyu, AK da StG 44. Daga nesa sun yi kama, ga lanƙwasasshen magazin, ga bututun hayaƙi a saman na harsashi. A ciki kuwa hanya ta rabu: makullin StG 44 karkacewa yake yi ya kulle, na AK juyawa yake yi, kuma yadda ake buɗe su ma daban ne. Abin da Sobiyat ta ɗauka daga Jamus shi ne tunanin matsakaicin harsashi da irin bindigar da za ta dace da shi, kuma wannan ba ƙaramin aro ba ne.

Daga nan aka kai mu wani tebur inda ake barin baƙi su kwance bindigar da aka kashe wa baki. Wani ma'aikaci ya yi a gabanmu, kafin in gyara tsayuwa ya zube ta gunduwa-gunduwa, ba sukurdireba, ba sifana. Ya miƙo mini. Na danna, marfi ya tashi, na zaro sifirin, na jawo dogon ƙarfen nan mai fistin a kai. Sassan 'yan kaɗan ne kuma manya, babu wanda zai faɗi cikin ciyawa ya ɓace, babu kuma wanda zai yarda ka mayar da shi a juye. Aikinta a fili yake. In harsashi ya tashi, wani ɓangare na hayaƙin albarushi yakan bi ta wata 'yar ƙofa a saman bututu ya bugi fistin. Fistin ya koma baya da ƙarfen gaba ɗaya, makulli ya juya ya buɗe, kwanso ya fice, sifirin ya dawo da komai gaba tare da sabon harsashi. Haka har sau 600 a minti ɗaya. Hayaƙin da ake turawa ya fi abin da ake buƙata, ƙarfen kuma yana da nauyi, don haka ko yashi ya shiga sai ya murƙushe shi ya wuce.

Da na girgiza ta sai na ji sassan suna ƙara a ciki. Ma'aikacin ya yi murmushi ya ce da gangan ne. An bar rata tsakanin sassan da ke motsi, kamar yadda kafinta mai hankali ke bar wa ƙofa 'yar sarari don kada ta cije in damina ta kumbura katako. Datti yana samun wurin zama ba tare da ya tsayar da aiki ba. Cikin bututun an shafe shi da kurom saboda harsasan lokacin suna jawo tsatsa. Sandar goge bututu tana maƙale a ƙasansa, kayan shara kuma suna cikin wani rami a gindin katako. Marfin tsaron nan, in yana sama, ya toshe hanyar ƙura. In an sauke shi mataki ɗaya harbi a jere ne, in an kai shi ƙasa ɗaya-ɗaya. Duk wannan yana da farashi: nauyin da ke kai da komo a ciki yana girgiza bindigar, saitinta kuma bai kai na takwarorinta ba in tazara ta yi nisa. Sun san haka, suka kuma yarda su biya.

Sashen da ya fi koya mini abu shi ne na shekaru goman farko, domin nan ne na gane cewa cin gasa rabin aiki ne. An zana gangar jikin AK ne don a buga ta daga farantin ƙarfe a injin matsi, hanya mai sauri da arha. Masana'antar ta kasa. Gangar jiki tana lanƙwashewa wajen walda da gasawa, ana ta zubar da waɗanda suka lalace. Sai aka koma sassaƙa ta daga dunƙulen ƙarfe, aikin da ke cin lokaci, mafi yawan ƙarfen kuma ya tafi a ɓarɓashi. Shekaru aka yi ana haka, injiniyoyin Izhevsk suna ta fama da dabarar bugu, sai a 1959 aka fito da AKM mai gangar jikin faranti kaurin milimita ɗaya, wadda nauyinta ya sauko zuwa kimanin kilo 3.1. Yawancin abin da duniya ke kira AK-47 a yau AKM ce ko 'ya'yanta. Ainihin ta farkon ba ta da yawa. Waɗanda suka yi wannan aikin, masu sarrafa ƙarfe da masu tsara layin ƙira, ba a yi musu gunki ba, amma ba don su ba da bindigar ba ta yi arhar da ta yi ba.

Daga AKM zuriya ta buɗe, kuma bangon da aka jera su yana nuna dabarar a fili. RPK ta 1961 AKM ce da aka ƙara wa tsawon bututu da ƙafafu biyu, sojan da ya iya ɗaya ya iya ɗayar, magazin ɗin wannan yana shiga waccan. A shekarar ce kuma aka karɓi PK mai jigida, wadda ke cin tsohon dogon harsashin Mosin. Da Amurka ta koma ƙaramin harsashi mai gudu, 5.56, Sobiyat ta amsa da 5.45×39 da AK-74 a 1974. An san cewa shi Kalashnikov bai so wannan sauyi ba, ya fi son a inganta tsohon harsashin, amma ofishinsa ya yi aikin. Harsashin ya fi sauƙi, soja yana ɗaukar da yawa, bugun baya ya ragu, gudunsa ya tashi daga kimanin mita 715 a daƙiƙa zuwa 900. A gasar ma akwai bindigar Konstantinov da ta fi ta saiti, aka sake zaɓar wadda masana'antu da sojoji suka riga suka saba da ita. Ita aka shiga Afganistan da ita a 1979, tare da gajeriyar ƙanwarta AKS-74U. Sai AK-74M ta 1991 mai baƙin roba a madadin katako, sai jerin AK-100 da aka yi don kasuwar waje bayan rushewar Sobiyat, har da mai cin harsashin NATO, sai AK-12 da rundunar Rasha ta karɓa a 2018. Na bi bangon daga farko zuwa ƙarshe. Katako ya koma roba, an ƙara wurin ɗaura madubin saiti, amma in ka ɗaga marfi, fistin ɗin nan da makulli mai juyawa na 1947 ne ke ciki.

A shekarun farko sirri ce. Sojoji kan rufe ta da jaka, a kuma tsince kwanson bayan atisaye. Duniya ta gan ta sosai a 1956, a titunan Budapest. Daga nan siyasar Yaƙin Cacar Baka ta ɗauke ta. Mosko ta riƙa bai wa ƙawayenta zane da injina: Sin ta yi Type 56, Poland da Jamus ta Gabas da Romaniya da Bulgeriya da Hungari da Koriya ta Arewa da Masar duk suka kafa layin ƙira. Yugoslabiya ta yi tata M70. Finland ta gina RK 62 a kanta, Isra'ila ta ɗauki ta Finland ta fitar da Galil, Afirka ta Kudu ta ɗauki Galil ta yi R4. Ana ƙiyasin cewa dangin gaba ɗaya sun kai kusan miliyan 100, kuma Izhevsk ba ta ƙera ko rabinsu ba. Har kan tutar Mozambik ta hau, tare da fartanya da littafi.

Akwai hoton Kalashnikov da Eugene Stoner, wanda ya zana M16, bindigar sojan Amurka, lokacin da suka haɗu a Amurka a 1990, kowa riƙe da bindigar ɗan'uwansa. Hanyoyinsu sun saɓa tun daga tushe. Stoner daga masana'antar jiragen sama ya fito, ya yi aiki da alminiyom da roba, ya nemi sauƙi da saiti. Da M16 ta isa Biyetnam aka sauya mata albarushi, ba a shafe ɗakin harsashinta da kurom ba, ba a kuma raba wa sojoji isassun kayan shara ba, sai ta riƙa cijewa a tsakiyar faɗa har majalisar dokokin Amurka ta yi bincike a 1967. An gyara ta daga baya ta zama makami nagari, amma sunan da AK ta yi a dazuzzukan nan bai goge ba. Stoner ya yi arziki da zanensa. Kalashnikov lambobin yabo ya tara da muƙamin janar, yana zaune a gidan bene na talakawan gari.

A ƙasan ginin akwai wurin harbi inda baƙo ke biya ya gwada. Yaron ya shiga layi, ni na tsaya baya da abin toshe kunne. Ko da shi, ƙarar tana dukan ƙirji. Ya fito yana haki da fara'a, yana cewa, "Kawu, wallahi ko yaro zai iya." Gaskiya ya faɗa, kuma maganar ce ta tsaya mini a rai. Duk abin da aka yaba a benen sama, sauƙin koyo, rashin buƙatar kulawa, jure shekaru a binne a ƙasa, arhar ƙira, su ne dai suka sa ta dace da hannun yaron da aka sato aka mayar soja, da ɗan fashi, da mai kisan ƙare dangi. Makamin da ke lalacewa yakan mutu tare da yaƙinsa. Wannan kuwa in yaƙi ya ƙare sai ta tsallaka iyaka ta shiga na gaba, a hannun wanda bai san dalilin na farkon ba. Na zagaya ɗakunan gidan tarihin ina neman inda aka ba wannan ɓangaren labarin haƙƙinsa. Na ga kyaututtukan shugabanni, na ga bindigogi masu ado, na ga teburin aikinsa. Ban ga an ba waɗanda bakin bindigar ya kalla wuri irin wanda aka ba masu riƙe ta ba, kuma ina ganin gidan da ya iya bayanin rata tsakanin ƙarfe da ƙarfe dalla-dalla haka bai kamata ya gaza a nan ba.

Da yamma muka sayi perepechi, wani ɗan burodi buɗaɗɗe na Udmurtawa da ake cusa wa dankali ko naman kaza, muka zauna bakin tafkin muna kallon hasumiyar masana'anta. Nan muka yi gardama. Shi a wurinsa injiniya aikinsa ya warware matsalar da aka ba shi, kuma ƙasar da aka mamaye aka kashe mata miliyoyi tana da haƙƙin ta yi makami mai kyau. Laifin yaɗuwa na 'yan siyasar da suka yi ta rabo ne. Na yarda da rabin farko ba tare da ja ba, kuma shi ma Kalashnikov kusan duk rayuwarsa amsar da yake bayarwa ke nan, cewa don kare ƙasa ya yi ta, kuma da ba don yaƙi ba da injinan noma zai ƙera. Sai dai na tuna wa yaron cewa amsar ba ta ishi mai ita ba har ƙarshe. A ƙarshen rayuwarsa ya rubuta wa Kirill, shugaban Cocin Orthodox na Rasha, wasiƙa yana bayyana azabar da ransa ke ciki, yana tambaya ko yana da alhakin mutuwar mutanen da bindigarsa ta kashe, ko da abokan gaba ne. Ya rasu ranar 23 ga Disamba 2013 a nan Izhevsk yana da shekara 94, jaridar Izvestia kuma ta buga wasiƙar a watan Janairu na 2014. Cocin ta wanke shi, ta ce makamin da aka yi don kare ƙasa ba abin zargi ba ne. Yaron ya ce to ai magana ta ƙare. Na ce masa amsar coci ce ta ƙare, amma dattijon da ya fi kowa sanin abin da ya ƙera ya ga akwai abin tambaya, kuma shi da zai fita da takardar injiniya nan gaba kaɗan bai kamata ya fi mai abin saurin wanke hannu ba. Bai amsa ba, bai kuma yarda ba.

Shi ya koma Kazan don karatu, ni na wuce Mosko a jirgin dare. Kafin in tashi daga Mosko na nemi gunkin Kalashnikov da aka kafa a watan Satumba na 2017 a gefen babban titin da ya kewaye tsakiyar birnin, aikin Salavat Shcherbakov. Yana tsaye kan dogon ginshiƙi, rungume da bindigar a ƙirji. A bayansa akwai allon tagulla da aka zana samfurorin AK iri-iri. Kwanaki kaɗan da buɗe shi wani masanin tarihin soja ya lura cewa ɗaya daga cikin zanen sassan ba na AK ba ne, na StG 44 ne, bindigar Schmeisser. Aka turo ma'aikata da injin yankan ƙarfe suka cire shi.